Babi na Biyar: Wa Zai Fara Magana?

Akwai wata shawara da ake yawan ba matasa a rediyo, a taron makaranta, da kuma shafukan sada zumunta: idan damuwa ta yi maka yawa, ka nemi taimako. Shawara ce mai kyau, ba kuma wanda zai ce a daina bayar da ita. Sai dai duk wanda ya san yadda ciwon damuwa yake aiki ya san tana da rami a tsakiyarta, domin daidai take da a ce wa wanda ya karye a ƙafa ya tashi ya taka zuwa gidan mai ɗori. Gaɓar da za a yi tafiyar da ita ce ta karye. Ciwon damuwa tunani yake kamawa, kuma abin da yake fara lalatawa shi ne yardar mutum cewa buɗe baki zai yi wani amfani. Don haka shawarar neman taimako a lokacin da rai ke cikin haɗari ta fi ƙarfin a ɗora wa yaro ɗan shekara 15 shi kaɗai, a daren da ya fi kowane dare rauni. Dole a yanke ta tun kafin daren ya zo, kuma mafi yawan nauyinta yana wuyan manyan da ke kewaye da shi.

Matsalar farko a bakinmu take. Kalmar damuwa buhu ce mai faɗin baki: wanda ba shi da kuɗin mota yana cikin damuwa, wadda tuwonta ya ƙone tana cikin damuwa, haka ma yarinyar da ta yi wata biyu ba ta ga dalilin tashi daga kan katifa ba. Tun da kalma ɗaya ce, sai a zaci magani ma ɗaya ne, wato a yi haƙuri ya wuce. Abin da likitoci ke nufi da ciwon damuwa kuwa yana da iyakoki sanannu: baƙin ciki, ko mutuwar sha'awar komai, da ya kai aƙalla mako 2 yana nan kusan kullum, tare da rikicewar barci da ci, kasala, kasa tattara hankali, jin cewa mutum ba shi da wani amfani, wani lokaci har da yawan tunanin mutuwa. A wajen matasa akwai ƙarin abin da ke ɓatar da iyaye, domin sau da yawa ciwon da fushi yake zuwa, ba a ganin hawaye ko ɗigo. Yaron da a da ba ya fashin ƙwallon la'asar yanzu ya kulle kansa a ɗaki, kowa ya yi masa magana ya hayayyaƙo masa, sai a ce tashen balaga ne, ko ya yi abokan banza. Yarinya 'yar aji biyar na sakandare ta daina cin abinci, kullum ciwon kai, kullum ciwon ciki, maki ya zube. A kai ta kemis a haɗo mata maganin maleriya, bayan mako biyu a koma a ce taifot ne, a yi ƙarin ruwa. Ranar da ta ƙi tashi wanke-wanke uwar ta ce, "Ke dai son jiki ya yi miki yawa. Me aka rage ki da shi a gidan nan?" Tambayar ba ta da amsa, domin kuwa ba a rage ta da komai ba, kuma rashin amsar shi ke ƙara tabbatar wa yarinyar cewa laifin nata ne.

Wanda yake ganin wannan ciwon Turawa ne, ko na 'ya'yan da hutu ya yi wa yawa, sai ya dubi lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta ƙiyasta cewa 1 cikin kowane 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da na fargaba suna sahun gaba. Fiye da mutum 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara a duniya, kusan kashi uku cikin huɗu daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kashe kai shi ne na uku a jerin abubuwan da ke ɗauke 'yan shekara 15 zuwa 29. Daga lokacin balaga zuwa sama, 'yan mata sun ninka maza wajen kamuwa da ciwon damuwa.

To, ta yaya ciwon yake toshe baki? Likitan ƙwaƙwalwar nan na Amurka, Aaron Beck, ya nuna cewa yanke ƙauna ya fi zurfin baƙin ciki nuna wanda ke cikin haɗari: mai ciwon yana kallon gobe ya ga ba ta da bambanci da yau, sai zuwa asibiti ko faɗa wa wani ya zama wahalar banza a idonsa. Thomas Joiner, a littafinsa na 2005, ya ƙara da abu biyu, jin cewa mutum ya zama nauyi ga nasa, da jin cewa ba shi da gurbi a cikin jama'a. A sanya wannan a gidan Bahaushe a gani. Saurayi ya faɗi jarrabawar JAMB sau biyu, ya san yadda mahaifinsa ya haɗa kuɗin rajista, yana jin ana labarin ɗan maƙwabta da ya samu jami'a. Abin da ke yawo a kansa shi ne, da ba ni, da an huta. Wanda ya yarda shi kaya ne ba zai je ya ƙara wa mutane kayan damuwarsa ba. A ganinsa yin shiru ma alheri yake yi musu. A kan wannan kuma sai ga kunya. Tarbiyyarmu an gina ta da tazara tsakanin iyaye da 'ya'ya: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, yaro ba ya haɗa ido da ubansa, durƙusawa yake ya gaishe shi ya tashi. Tazarar nan tana da kyawunta, ba wai ana neman a rushe ta ba ne, amma ba a yi ta don ɗaukar magana irin "ina jin kamar in mutu" ba. A ƙarshe, sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka birki da auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai. Wannan shi ne yaron da muke cewa ya zauna ya yanke shawara mai kyau da ƙarfe biyun dare.

Abin da ya sa wannan magana take da muhimmanci har haka shi ne gajartar lokacin haɗarin. Ciwon damuwa yana iya ɗaukar watanni, amma lokacin da mutum ya kai gargarar hallaka kansa yawanci gajere ne ƙwarai. A wani bincike da aka buga a 2009 a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, an tambayi mutum 82 da suka yi yunƙurin kashe kansu suka rayu, kusan rabinsu suka ce tsakanin zuwan tunanin a ranar da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Wani binciken da ya fi wannan daɗewa shi ne na Richard Seiden a 1978. Ya bi sawun mutum 515 da aka tare a gadar Golden Gate ta San Francisco tsakanin 1937 da 1971, lokacin da suka je da niyyar hallaka kansu. Bayan shekara 26 a matsakaicin lissafi, kashi 94 cikin 100 suna raye ko sun mutu ta hanyar da kowa ke mutuwa. Nazarin da aka yi daga baya a kan bincike masu yawa ya zo da sakamako irin wannan: kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka yi yunƙuri suka tsira ba sa ƙarewa da kashe kansu. Guguwa ce, tana da farko tana da ƙarshe, kuma duk wanda aka riƙe har ta wuce yana da babbar damar tsufa.

Wannan ita ce amsa ga masu cewa wanda ya yi niyya ba mai hana shi, in ka tare nan zai bi can. Tarihi bai goyi bayansu ba. A Birtaniya, lokacin da aka sauya iskar gas ta girki mai guba da wadda ba ta da ita a shekarun 1960, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, mutane da yawa ba su koma wata hanya ba. Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba a hankali a hankali, kuma tsakanin 1995 da 2015 adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Masu bincike sun ƙiyasta rayuka 93,000 aka ceta. Irin wannan tunani ne ya sa hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani sanannen maganin ƙwari a kasuwanni a 2019. Darasin a matakin gida ya fi sauƙi. A ƙasar noma, inda maganin feshi ke ajiye a zaure ko ƙarƙashin gado, fiya-fiya kuma a kan taga, uban da ya ga ɗansa ya canza ya kwashe waɗannan da tarin ƙwayoyin asibiti ya sa musu kwaɗo ya yi aikin da ya fi wa'azin awa guda, kuma bai buƙaci yaron ya yanke wata shawara ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan kama hankali, kuma iyaye masu tausayi ne ke yin sa: idan na tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta, ba ni na saka mata abin a rai ba? Bahaushe yana tsoron baki, yana ganin ambaton sharri kiransa ne. An gwada wannan tambaya a aikace. Madelyn Gould da abokan aikinta sun raba ɗalibai 2,342 na makarantun sakandare 6 a jihar New York gida biyu, aka yi wa rukuni ɗaya tambayoyi kai tsaye game da tunanin kashe kai, ɗaya rukunin ba a yi masa ba. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna tambayar ba ta ƙara wa kowa damuwa ko tunanin ba, waɗanda ma suka riga suke cikin ciwon sun ɗan fi samun sauƙi a rukunin da aka tambaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke ɗauke da wannan tunani ya daɗe da shi shi kaɗai, yana jin ya zama dodo. In wani babba ya ambace shi da murya a kwance, ba salati ba tsawa, sai ya gane abu ne da ake iya faɗa. Amma tambayar sai ta fito fili. "Lafiya dai ko?" amsarta ɗaya ce a ƙasar Hausa, ko a gadon mutuwa mutum yake. "Ba dai wani shirme kake shirin yi ba?" kuwa rufe ƙofa ce da sunan tambaya. Abin da ke buɗe baki shi ne irin: "Na ga kwanan nan ba ka jin daɗi. Akwai lokacin da kake jin gara a ce ba ka duniya? Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Sannan a yi shiru a saurara, wanda shi ne ɓangare mafi wuya ga babba.

Masu cewa barazana ce kawai, mai yi ba ya faɗa, amsarsu gajera ce. Da yawa daga cikin waɗanda suka kashe kansu sun faɗa, ko sun yi hannunka mai sanda, kuma yunƙurin baya yana cikin manyan alamun haɗarin gaba. In ma an ɗauka neman kulawa ne, yaron da sai ya ambaci mutuwa kafin a kula shi yana buƙatar kulawar.

Sai kuma maganar addini, wadda ba za a tsallake ta ba, domin ita ce ke zuwa bakin kowa: ai wannan raunin imani ne, Musulmi na ƙwarai ba ya yanke ƙauna, a yi haƙuri a yawaita addu'a. Akwai gaskiya a ciki, kuma rashin adalci ne a musanta ta. Bincike da dama sun nuna masu riƙo da addini da cuɗanya da jama'ar ibada ba su kai sauran mutane yawan kashe kansu ba, kuma haramcin abin ya riƙe hannun mutane masu yawa a daren da ba abin da ya rage musu sai shi. Inda aka kuskure shi ne mai da ciwon kansa zunubi. Yarinyar da aka gaya wa cewa baƙin cikinta alamar nisa da Allah ce yanzu ciwonta ya zama biyu, kuma ta koyi cewa in ta faɗi abin da ke ranta wa'azin wuta za ta sha, sai ta haɗiye. Alhali tarihin addinin bai ɗauki baƙin ciki a matsayin kafirci ba. Annabi Yaƙub ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu kuwa shekarar baƙin ciki ake kiranta har yau. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili ya hana shi walwala. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Sama da shekara dubu ke nan. Ba wanda ke ce wa mai ciwon suga ya bar allura ya riƙe haƙuri, ana haɗa masa biyun ne, kuma ba a taɓa jin liman ko fasto ya ga laifin hakan ba.

Haka abin yake ga waɗanda suka fi karkata ga aljanu ko sammu. Jayayya da kaka a kan ko akwai iska ko babu ɓata lokaci ne, yaro kuma yana kwance. Abin nema shi ne kada ruƙiyya da rubutun sha su zama dalilin jinkirta asibiti, kuma kada a kai yaro inda ake duka da ɗauri. Duniya ta ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa, iyayensu ne kuma suka kai mafi yawansu da niyyar gyara. Akwai wata hanyar. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwaji a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da masu addu'a wajen kula da masu taɓin hankali, marasa lafiyar kuma suka fi samun sauƙi. Ba a kan ciwon damuwa aka yi gwajin ba, amma ya nuna malami da malamin asibiti ba dole ne su zama kishiyoyi ba.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na mai cewa: to an ji, a nemi taimako, a ina? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa kuwa ana iya ƙirga su. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, a Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Amma ga mutumin ƙauye kowannensu tafiyar yini ce da kuɗin da ba shi da su. Wannan gaskiya ce, kuma abin kunya ne ga gwamnatoci. Sai dai ƙorafin ya ɗauka cewa taimako yana nufin likitan ƙwaƙwalwa kaɗai. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a gidajen mutanen ƙauye, kowanne da ɗan'uwansa a kusa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa likitocin gama-gari da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da fara maganinsa, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka karɓe shi. Misali mafi ban sha'awa daga Zimbabwe ya zo. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu ciwon da 'yan Shona ke kira yawan tunani, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya a zama 6. A gwajin da aka buga a 2016 da mutum 573, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi.

Manya aka yi wa wancan gwajin, amma Bahaushe ya kamata ya tsaya a kan kalmar kaka. Al'adar da ta sa tazara tsakanin uwa da ɗa ita ce kuma ta buɗe wata ƙofar ta baya. Kaka tana kiran jikanta maigida, jikanyarta kishiya, ana tsokana ana dariya, ana faɗin abin da ba a faɗa a gaban Baba. Akwai gwaggo, akwai kawu, akwai taubashi, akwai yayar da ta yi aure a wata unguwa. Waɗannan mutane an tanade su ne tun asali don maganar da kunya ta hana. Iyayen da suka san ba za su iya yin tambayar da bakinsu ba, ba sai sun canza halitta ba. Su aika a kira wanda zai iya.

Tsoron tonon asiri ma ba na banza ba ne. Uwa tana lissafin wa zai auri yarinyar da aka ji an kai ta Dawanau, kuma a garin da ake binciken asali kafin aure wannan lissafi ba wauta ba ce. Doka ma ta ƙara wa wutar fetur: sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa da sashe na 327 na Criminal Code na Kudu sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, gadon zamanin Turawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marasa lafiya haƙƙin sirri, amma ba ta shafe waɗancan sassa ba, a shekarar da majalisar Ghana ta soke irin nata. Dokar da ke sa iyali su yi tunani sau biyu kafin su kai ɗansu asibiti ba ta kare ran kowa. Duk da haka, in aka aza abin a sikeli, surutun unguwa yana gefe ɗaya, makara tana ɗaya gefen. Kuma likita ba ya shelar wanda ya gani.

Magani fa, yana aiki? A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2004, an raba matasa 439 'yan shekara 12 zuwa 17 gida huɗu. Bayan mako 12, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa ƙwayar fluoxetine da zaman gyaran tunani sun samu sauƙi sosai, masu ƙwayar kaɗai kusan 61, masu zaman kaɗai 43, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuwa 35. Ba warkarwar dare ɗaya ba ce, ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ji ta. A wannan shekarar ce kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu matasa a farkon sha, kusan 4 cikin 100 maimakon 2, ko da yake ba wanda ya mutu a gwaje-gwajen da aka duba. Ma'anar gargaɗin ita ce likita ne zai rubuta, a kuma sa ido a makonnin farko. Ba abin da za a aiki yaro kemis ya sayo ba ne. Matashin da aka hana wannan hanya sau da yawa yakan nemo tasa, taramol ko kodin, wadda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinta a 2018 bayan ɓarnar ta fito fili.

Duk wannan ba ya nufin matashin ba shi da nasa rabon. Yana da shi, amma a ranar da yake da ɗan sauƙi ake karɓarsa. Barbara Stanley da Gregory Brown sun tsara wata takarda mai shafi ɗaya da mara lafiya ke cikawa tare da ma'aikacin lafiya: alamun da ke nuna guguwar ta taso, abin da ke ɗauke masa hankali, wuraren da zai je ya zauna cikin mutane, sunaye da lambobin waɗanda zai kira, da yadda za a nisanta shi da abin cutarwa. A binciken 2018 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, waɗanda aka yi wa wannan tare da bibiya ta waya sun samu ragin kashi 45 cikin 100 wajen yunƙurin kashe kai cikin wata 6. Hikimar ita ce an riga an yi tunanin, a daren sai bin rubutu. Har jimlar da za a faɗa gara a tanade ta: "Kawu, ba ni da lafiya, kuma ba zazzaɓi ba ne. Tunanin mutuwa yana zuwar mini, ina tsoron kaina." In na farko ya yi dariya ko faɗa, a wuce ga na biyu a jerin. Abokai kuma su ne sukan fara ji, yawanci a WhatsApp da tsakar dare, tare da "ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba". Ƙawar da ta tashi babba a daren ba ta ci amana ba. Fushin mako biyu za ta sha, ƙawarta kuma tana raye tana fushin. Daga nan kada a bar mutumin shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112 inda layin ke aiki. Idan har ya riga ya sha wani abu, a bar batun ɗura manja ko madara ko sa shi amai, wanda kan tura gubar cikin huhu. A ɗauki mazubin abin a tafi da shi, likita yana buƙatar ganinsa.

Saura abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti, lokacin da kowa ke cewa alhamdulillahi ya wuce, alhali makonnin nan suna cikin mafiya haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a Brazil, Indiya, Sri Lanka, Iran da Sin a kan mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan yunƙuri. Rabinsu an yi musu bayanin awa 1, sannan aka riƙa kiransu ko ziyartarsu sau 9: a mako na 1, na 2, na 4, na 7, na 11, sai wata na 4, na 6, na 12 da na 18. Ba wani babban magani aka ƙara musu ba, tambaya ce ta ya jiki, kana buƙatar wani abu? A sakamakon da aka buga a 2008, waɗanda suka mutu ta kashe kai a wannan rukuni 0.2 ne cikin 100, a ɗaya rukunin 2.2. Mu kuwa dubiya ba baƙuwarmu ba ce. Mai karaya ma sai ya gaji da masu sannu da ledar lemo. Amma a gidan da aka rufe abin da ya faru, aka ce wa dangi zazzaɓi ne ya kwantar da yarinyar, ba wanda zai san ya kamata ya leƙo a mako na bakwai.